Kilara Shuman: matar da ta riƙe gida da yatsu goma

Duk wanda ya taɓa hulɗa da kuɗɗin Jamus cikinku kafin zuwan yuro a 2002, ko wajen sayo mota ko wajen ƴan canji, zai iya tuna wata shuɗiyar takarda ta mark 100, wadda bisa farashin da aka yi canjin ta kai jikka 33 da rabi na sefa. A fuskar takardar akwai hoton wata mace mai manyan idanu, a bayanta kuma hoton wani abin kiɗa mai kama da babban tebur. Matar nan makaɗiya ce, sunanta Kilara Shuman. Ta share shekara sama da 60 tana yawo gari gari cikin ƙasashen Turai tana kaɗa piyano, kuma da wannan sana'a ta ciyar da ɗiya bakwai bayan rasuwar mijinta, daga baya ta haɗa da jikoki.

Mun zaɓo muku labarinta ne saboda mun san da yawa cikin masu karatunmu za su gane shi tun kafin mu ƙare. Labari ne na yarinyar da ta nemo kuɗɗi wani ya riƙe, da matar da ta wayi gari nauyin gida duka yana bisa kanta.

Wace irin sana'a ce wannan?

Bari mu fara da abin kiɗan. Piyano babban akwati ne na katako, cikinsa an ɗaure tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200. A gabansa akwai maɓallai farare da baƙaƙe, guda 88 a irin na yanzu. In ka danna ɗaya sai wata ƴar guduma ta bugi tsirkiya daga ciki, sauti ya fito. In ka danna a hankali ya fito da sanyi, in ka danna da ƙarfi ya cika ɗaki. A ƙasar Italiya aka ƙera na farko wajen shekarar 1700. Babba irin na zauren wasa nauyinsa ya kusa rabin tan, saboda haka makaɗin ba ya rataya shi a kafaɗa kamar mai kalangu ko mai goge. Sau da yawa wanda ya tarar a garin da ya sauka, da shi zai yi aiki, ko mai kyau ne ko mai tsufa.

Shi kuma wasan ya bambanta da wanda muka saba gani a gidan biki. Babu rawa, babu kirari, babu liƙi. Mutane suna sayen tikiti, su zauna bisa kujeru shiru har wajen awa biyu suna saurare, sai an ƙare kiɗa guda sannan a tafa. Kiɗan ma wani gwani ne ya tsara shi tun da farko, ya rubuta shi bisa takarda da wasu alamomi na musamman, wani lokaci ma ya daɗe da mutuwa. Aikin makaɗin shi ne ya fito da abin da ke cikin takardar daidai, kuma ya sa masa rai.

A zamanin Kilara, makaɗi shi ne mai jarin kansa. Shi zai yi hayar zaure, ya biya kuɗɗin fitilu, ya buga tikiti, ya sa shela cikin jarida, ya sallami sauran makaɗan da suka taimaka masa. Abin da ya rage bayan haka shi ne ribarsa. Ranar da mutane ba su zo ba, asarar tasa ce shi kaɗai.

Yarinya tana nema, uba yana riƙewa

An haifi Kilara ranar 13 ga Satumba 1819 a birnin Laifzig, birnin da ya yi suna wajen babbar kasuwar baje koli. Mahaifinta, Firidirik Wik, malamin kiɗa ne kuma ɗan kasuwa, yana saida piyano yana ba da hayarsu. Mahaifiyarta, Mariyana, mawaƙiya ce kuma ita ma gwanar piyano. Auren bai ɗore ba. Kilara tana da shekara biyar aka raba ta da uwarta, domin dokar ƙasar ta ba uba riƙon ɗiya. Har ta kai shekara huɗu ba ta fara magana ba, wasu ma sun zaci kurma ce.

Uban ya riga ya yanke shawarar abin da za ta zama. Kullum yana ba ta darasi na awa guda, ta yi gwaji na awa biyu, sannan su fita doguwar tafiya a ƙasa don jiki ya yi ƙarfi. Karatun lakkol kaɗan ta samu. Hatta littafin da ake rubuta abubuwan da suka faru gare ta kowace rana, shi ne ya fara rubuta shi da sunanta, kamar ita ce ke magana, yana sa yabo da faɗa da lissafin kuɗɗi a ciki.

Tana da shekara tara, a watan Oktoba 1828, ta fara fitowa gaban jama'a a babban zauren kiɗa na Laifzig. A 1830, tana da shekara 11, aka shirya wasa da sunanta ita kanta. Daga 1831 zuwa 1832 uban ya ɗauke ta suka bi garuruwa cikin keken doki har birnin Paris, inda suka tarar da annobar kwalara, mutane suna gudun taro, kasuwar ba ta yi kyau ba. A 1835, tana da shekara 16, ta kaɗa wani babban kiɗa da ita ta tsara da kanta, tare da taron makaɗa, kuma mashahurin gwanin nan Mandalson ne ya ja ragamar wasan. Daga ƙarshen 1837 zuwa 1838 ta girgiza birnin Biyana. Zaure yana cika maƙil, masu toya kayan zaƙi suka sa wa wani irin gato sunanta, kuma a watan Maris 1838 fadar sarkin Otiriya ta ba ta babban laƙabin girmamawa na makaɗan fada, alhali baƙuwa ce mai shekara 18.

A tsawon waɗannan shekaru yarinyar tana kallon yadda ubanta ke ciniki da masu zaure, yadda yake raba tikitin kyauta ga waɗanda bakinsu ke da tasiri, yadda yake ƙidayar abin da ya shigo. Ta koyi sana'ar ciki da waje. Amma kuɗɗin duka a hannunsa suke.

Aure ta gidan shara'a

Cikin ɗaliban mahaifinta akwai wani saurayi, Robat Shuman, wanda ya girme ta da shekara tara, har ya taɓa zama a gidansu a 1830. Burinsa ya zama makaɗin piyano, sai ciwo ya lalata masa yatsa a hannun dama, ya koma tsara kiɗa da rubutu a jarida. Da Kilara ta girma suka so juna. Uban ya ce sam. Hujjarsa ita ce saurayin ba shi da tsayayyen abin yi, kuma aure zai kashe sana'ar da ya yi shekaru yana ginawa. Ya hana su ganawa, ya hana su wasiƙa.

A 1839 Kilara ta yi abin da ba a saba gani ga budurwa ba a lokacin, ta tafi Paris neman kasuwa ba tare da ubanta ba. A shekarar ce kuma ita da Robat suka kai ƙara gidan shara'a suna neman izinin aure. Uban ya riƙe kuɗɗin da ta tara tun tana ƙarama, ya rufe mata ƙofar gida, har piyanonta ya daɗe bai sake mata ba. Gaban alƙalai ya zargi Robat da shaye-shaye, amma ya kasa kawo shaida. Shara'a ta ba su gaskiya, aka ɗaura aure ranar 12 ga Satumba 1840, ana gobe za ta cika shekara 21. Sai a 1843 uba da ɗiya suka shirya.

A nan muna so mu ɗan tsaya. Babu mai musun cewa uban nan ne ya ba ta sana'a, kuma ita kanta har ta tsufa tana gode masa kan horon da ya yi mata. Sai dai ranar da ta buƙaci guminta don ta kafa gidanta, ba ta same shi ba. Duk gidan da yarinya ke fita da faranti da safe ta dawo da kuɗɗi da marece, ya kamata a tambayi kai: nawa ne ake aje mata da sunanta?

Gida guda, gwanaye biyu

Auren na soyayya ne, amma yana da nasa nauyi. Tsakanin 1841 da 1854 Kilara ta haifi ɗiya takwas, ɗaya ya rasu yana jariri a 1847. Bangon gidansu na farko ba shi da kauri, saboda haka in maigida yana tsara kiɗa, dole ita ta bar piyanonta a rufe. Makaɗi kuwa in ya kwana biyu bai taɓa abin kiɗansa ba, yatsu sai su yi nauyi.

Ga shi kuma a lokacin ita ce duniya ta sani, shi sunansa bai yi nisa ba tukuna. Abin da yake samu bai isa gidan ba kullum, abin da take samu a fita guda yana da yawa, shi kuma ba ya jin daɗin ace matarsa ce ke cike giɓi. Duk da haka ta fita. A 1842 ta tafi Kofanhegan ita kaɗai. A 1844 suka yi wata huɗu a Rasha cikin tsananin sanyi, ita tana kiɗa shi yana rakiya. Ko'ina ta je tana sa kiɗan mijinta cikin abin da za ta kaɗa, kamar mai shago da ke tura sabon kaya gaban tebur har masu saye su saba da shi. A 1845, a birnin Diresdan, ita ta fara kaɗa babban kiɗansa na piyano wanda har yau ake ji da shi. Ita ma ta ci gaba da tsara nata, kuma wanda ta yi a 1846 don piyano da goge biyu, ƙarami da babba, yana cikin mafi kyawun aikinta.

Akwai wani abin da ya faru a watan Mayu 1849 da ke nuna irin zuciyarta. Bore ya ɓarke a Diresdan, ana harbe-harbe cikin gari, ana bi gida gida ana neman maza su shiga faɗa. Ta fitar da mijinta da babbar ɗiyarta zuwa wani ƙauye, sannan ta komo cikin dare, da cikin wata bakwai, ta ratsa ta cikin masu ɗauke da makamai ta kwaso ƙananan ɗiyanta uku da aka bari a gida.

Ranar da nauyi ya dawo kanta

A 1850 iyalin suka koma Duseldof inda Robat ya samu aikin shugaban makaɗan gari. Aikin bai yi masa daɗi ba, kuma ciwon da ya daɗe yana damun hankalinsa ya tsananta. Ranar 27 ga Fabrairu 1854 ya fita daga gida ya faɗa kogin Rin. Masu jirgin ruwa suka tsamo shi da rai, bayan ƴan kwanaki aka kai shi gidan jinyar masu taɓin hankali kusa da birnin Bon. Kilara tana da ciki a lokacin. A watan Yuni ta haifi autanta, Felikis, wanda bai taɓa sanin ubansa ba.

Ga ɗiya bakwai, ga haya, ga kuɗɗin jinya kowane wata. Abokan arziki suka ce bari su shirya wasa na musamman a tara mata taimako. Ta yi godiya, ta ƙi. Ta ce in dai wasa ne, ita za ta yi shi da hannunta. Wata huɗu bayan haihuwa, a Oktoba 1854, ta ɗaure kaya ta shiga hanya. Wani matashin gwani mai suna Yohanas Birams, wanda ya zo gidan a 1853 yana da shekara 20, ya tsaya wajen yaran, har shi ke rubuta kuɗɗin cefane cikin littafin lissafin gidan. Mutane sun yi ta surutu kan abin da ke tsakaninsu. Abin da aka tabbatar shi ne ba su yi aure ba, kuma amincinsu ya kai shekara 40 da ɗoriya har mutuwa ta raba.

Likitoci sun hana ta ganin mijinta fiye da shekara biyu, wai ganinta zai tayar masa da ciwo. Sai kwana biyu kafin rasuwarsa aka bar ta ta shiga. Ya rasu ranar 29 ga Yuli 1856. Tana da shekara 36, babbar ɗiyarta 14, auta kuma 2. Ba ta sake aure ba, kuma da baƙaƙen tufafi ta ci gaba da fitowa gaban jama'a.

Fatauci da yatsu

Daga nan rayuwarta ta koma irin ta fatake. Lokacin sanyi shi ne kakar kasuwarta: jirgin ƙasa, masauki, zaure, washegari wani gari. Ta bi Jamus, Otiriya, Holan, Beljik, Faransa, Suwis da Rasha. Ingila ce ta zama babbar kasuwarta. Ta fara zuwa a 1856, kuma zuwa 1888 ta tsallaka teku sau 19. Da farko mutanen Landan ba su karɓi kiɗan mijinta ba, suna ganin yana da wuyar fahimta. Ba ta janye shi ba, ta yi ta maimaitawa shekara bayan shekara har suka koma su ne ke roƙonsa. Da wani shahararren mai goge, Yosef Yowakim, sun yi wasa tare sama da sau 230. Takardun shirin wasanninta da aka adana sun kai kimanin 1,300.

Abin da ya riƙe mata masu saye shi ne sun san abin da za su samu. A zamanin da wasu makaɗa ke burge mutane da gudun yatsu da karkaɗa gashi, ita tana zama a natse, ta kaɗa aikin manyan gwanaye irin su Bak, Betoben, Shofan, Mandalson, mijinta da Birams, yadda suka rubuta shi, ba ragi ba ƙari. Tana cikin na farko da suka riƙa kiɗa da ka, ba tare da takarda a gabansu ba, abin da ya zama al'ada ga makaɗan piyano har yau. Wajen kuɗɗi kuma ba ta da kunya. Da kanta take rubuta wasiƙun ciniki, ta faɗi farashinta, ta lissafa abin da tafiya za ta ci kafin ta tashi, ta yi ajiya saboda gobe.

Abin da sana'ar ta ci

Ba za mu ɓoye muku ɗaya gefen ba. Mace ba ta iya kasancewa a Landan kuma a lokaci guda tana gida tana goyo. Yaran sun warwatsu, wasu a lakkol ta kwana, wasu wajen dangi da aminai. Akwai shekarun da ba su haɗu duka ƙarƙashin rufi guda ba. Don ta gyara haka ne ta sayi wani ƙaramin gida kusa da Baden-Baden, inda daga 1863 suke taruwa lokacin zafi in kasuwa ta tsaya. Babbar ɗiyarta, Mari, ba ta yi aure ba, ta ƙare ƙuruciyarta tana rakiyar uwarta da kula da ƙannenta. Tsara kiɗa na kanta kuwa, kusan ta bar shi baki ɗaya bayan rasuwar mijinta.

Sannan ga mutuwa. Ɗiyarta Yuli ta rasu a 1872, auta Felikis a 1879, Fadinan a 1891. Wani ɗan nata, Ludwik, ya kamu da taɓin hankali, ya ƙare sauran rayuwarsa a gidan jinya. Da Fadinan ya kasa saboda ciwo, ita ta ɗauki nauyin ƴaƴansa, tana tsohuwa. Jarin ma ya taɓa tsayawa: daga ƙarshen 1873 ciwon hannu ya hana ta kiɗa fiye da shekara guda, sai a 1875 ta komo bayan jinya. Ajiyar da ta yi da taimakon masoyanta suka riƙe gidan a wannan tsakani.

Wannan ya nuna mata cewa ƙarfi ba ya dawwama. A 1878, tana da shekara 59, ta karɓi aikin koyarwa a wata sabuwar makarantar kiɗa a Farankfut, ita kaɗai ce mace cikin manyan malaman. A nan ma sai da ta yi ciniki: awa ɗaya da rabi kawai za ta koyar a rana, a gidanta za ta yi, za ta samu hutun wata huɗu, kuma za a bar ta ta yi ƴan tafiye-tafiyenta. Daga baya ɗiyanta biyu, Mari da Ujeni, suka zama mataimakanta. Ɗalibai suka zo daga Ingila har da Amurka. Ta kuma tattara dukan kiɗan mijinta, ta duba shi, aka buga shi cikin jerin littattafai.

Wasanta na ƙarshe gaban jama'a ta yi shi a Farankfut ranar 12 ga Maris 1891, tana da shekara 71, lokacin kunnenta ya fara ba ta wahala. Ta bar koyarwa a makarantar a 1892. Ta rasu ranar 20 ga Mayu 1896, aka binne ta kusa da mijinta a Bon, garin da masu sauraren rediyo suka sani, domin can gidan rediyon Jamus ya koma a 2003. A 1990, shekara 94 bayan rasuwarta, aka fitar da takardar mark 100 mai ɗauke da hotonta.

Jama'a, Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Ranar da mijin Kilara ya kwanta, gado bai cece ta ba, domin babu wani gadon kirki. Sana'ar da ta ƙi saki lokacin da aure ke da daɗi, da lissafin da ta koya tun tana yarinya, su suka biya haya da jinya da karatun yara. Ta biya farashi mai tsada, kuma ɗiyanta sun biya tare da ita. Duk uwar da ke barin jariri wajen maƙwabciya ta kama motar asuba zuwa kasuwar ƙauye ta san irin wannan farashin. Ga iyayen ɗiya mata kuma, kiranmu biyu ne: a ba yarinya sana'ar da za ta iya tsayawa da ita, kuma in ta nemo, a aje mata rabonta.

Allah shi ba mu lafiya da abin yi, shi sa albarka cikin nema.